Yadda ma'aikatan kula da tsofaffi a Ingila za su nemi ƙarin albashi ta hanyar ƙungiyar ƙwadago

Kafin a kira taro, kafin a rubuta allon zanga-zanga, kowane ma'aikaci ya fara tanadar ɗan littafin rubutu. A aikin kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, kuɗi ya fi zurarewa ta awannin da aka yi aiki amma ba a ƙirga ba, kuma kamfani ba ya sauraron ƙorafin da babu lissafi a bayansa.

Ku ɗauki wata guda cur kuna rubutawa: lokacin shiga gidan wanda ake kulawa da shi, lokacin fita, mintunan da aka yi a hanya zuwa gida na gaba, da mil nawa aka ci. Kada ku rubuta sunan kowa ko adireshinsa, lamba ko harafi ya isa. Kada kuma ku ɗauki hoton takardun jinya da waya. Fitar da sirrin majinyaci laifi ne da za a iya korar mutum a kansa, kuma manajan da ke neman hanyar raba ku da aiki ba abin da yake jira sai wannan.

A dokar mafi ƙarancin albashi ta Birtaniya, tafiya tsakanin gidan majinyaci ɗaya da na gaba aiki ce. Zuwa gidan farko daga gidanku da komawa gida bayan na ƙarshe ba sa cikin lissafi. Horon da kamfani ya wajabta yana ciki, kuma in an cire kuɗin yunifom daga albashi, wannan ma yana rage abin da ake ƙirgawa an biya. Ga yadda ake auna abin. A ce ana biyan fam 12.60 a awa, amma na zaman cikin gida kaɗai. Ma'aikaciya ta yi awa 6 a gidaje da awa ɗaya da rabi a hanya. An ba ta fam 75.60. In aka raba wannan da awa bakwai da rabi, abin da ta samu fam 10.08 ne a awa, alhali mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama ya kasance fam 12.21 daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026. Kusan fam 16 ke nan suka bi iska a yini ɗaya. Sai dai hukuma tana duba tsawon zangon biyan albashi gaba ɗaya, mako ko wata, don haka lissafin yini guda ba ya zama hujja. Ku ajiye takardun albashi kuma: tun Afrilun 2019 dole ne su nuna yawan awanni ga wanda albashinsa ke sauyawa da awa.

Kwana a wurin aiki daban yake. A Maris 2021 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Mencap, wata ƙungiyar agaji mai kula da masu buƙata ta musamman, cewa mai kwana a wurin aiki ba ya da haƙƙin mafi ƙarancin albashi sai na lokacin da yake farke domin aiki. Saboda haka kuɗin kwana abu ne da za a nema a teburin tattaunawa, kada a gina ƙara a kansa. Amma duk sanda aka tashe ku cikin dare, ku rubuta ƙarfe nawa da minti nawa.

Shiga ƙungiya da tara mutane

Ƙungiyoyin ƙwadago na UNISON da GMB da Unite duk suna karɓar ma'aikatan wannan fanni a matsayin mambobi. Ku bincika wadda ta riga ta samu mambobi a wurinku ku bi ta, domin mutum talatin da suka rabu ƙungiya uku ba su da ƙarfin goma sha biyar da suka taru a ɗaya. Ku shiga tun kafin matsala ta taso. Galibi ƙungiya ba ta ba da lauya a kan rigimar da ta faru kafin rajista. Biyan kuɗin mamba kai tsaye daga banki ya fi sirri a kan cirewa daga albashi. Doka ta hana korar ma'aikaci ko musguna masa saboda shiga ƙungiya, kuma ko kamfani bai amince da ƙungiyar ba, kuna da damar zuwa da wakilinta zaman ladabtarwa ko na sauraron ƙorafi.

Wahalar masu zagayen gidaje ita ce ba sa haɗuwa. Mutum zai yi shekara bai san fuskar wanda ke karɓarsa aikin yamma ba. Ku zauna ku uku ko huɗu ku jera sunayen duk ma'aikata, zagaye zagaye, ku raba wa juna wanda kowa zai tuntuɓa. Inda ake samun mutane shi ne ranar horo, ziyarar da ke buƙatar ma'aikata biyu, da ranar karɓar safar hannu a ofis. Magana baki da baki ta fi saƙon WhatsApp nesa ba kusa ba, kuma ku ɗauka duk abin da aka rubuta a zauren mutum arba'in zai kai ga manaja.

Ku zaɓi buƙata guda wadda ta shafi kowa kuma ake iya auna ta, kamar biyan lokacin tafiya. In kun kai buƙatu goma sha biyu, kamfani zai zaɓi mafi arha ya biya, ya ce ya saurare ku. Wasiƙar haɗin gwiwa kuwa kada a miƙa ta sai sa hannu ya haura rabin ma'aikata, kashi biyu cikin uku ya fi. Wasiƙa mai sa hannu takwas jerin sunayen waɗanda za a rage wa awanni ce.

Masu bizar aiki suna buƙatar kulawa ta daban, kuma tsoronsu yana da dalili. Bizarsu a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke su, kuma in an ƙwace lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga ƙasashen waje, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani. Kada a matsa musu su zama na gaba a hoto ko a gaban 'yan jarida. A bari masu takardar zama na dindindin su miƙa wasiƙa, masu biza kuma su sa hannu cikin taro. Suna da cikakken haƙƙin shiga ƙungiya kamar kowa. Manaja zai iya raɗa wa 'yan ƙasa cewa baƙi ne suka cinye awanni, ya raɗa wa baƙi cewa ƙungiya za ta jawo musu asarar biza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a tattauna wannan a fili tun taron farko.

In mambobi sun yi yawa, ƙungiya za ta nemi kamfani ya amince da ita. In ya ƙi, kuma yana da ma'aikata 21 ko fiye, ana kai batun gaban CAC, hukumar da ke yanke hukunci a kan amincewa da ƙungiyoyin ƙwadago. Ana buɗe ƙofar in kashi 10 cikin ɗari na ma'aikata mambobi ne, amma wanda ya je da wannan kaɗai yakan faɗi a ƙuri'a. In mambobi sun haura rabi, hukumar tana iya ba da amincewar ba tare da ƙuri'a ba, sannan dole kamfani ya zauna a kan albashi da awanni da hutu.

Inda kuɗin yake

In kun nemi ƙarin albashi, amsar da za ku ji daga kamfani ita ce, “Abin da majalisa ke biyanmu ke nan.” Wani lokaci gaskiya ne. Majalisun ƙananan hukumomi ne ke sayen babban kaso na wannan aiki, kuma da yawa suna biyan ƙasa da abin da ƙungiyar kamfanonin, Homecare Association, ke lissafawa duk shekara a matsayin mafi ƙarancin farashin awa. Ku aika wa majalisa tambaya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000: nawa take biya a awa, ko tana sayen ziyarar minti 15, da yadda take tabbatar da cewa 'yan kwangilarta na biyan lokacin tafiya. Kwanakin aiki 20 gare ta ta amsa.

Da amsar a hannu sai a nemi kansila mai riƙe da harkar kula da manya. Abin da za a ɗora masa a gaba akwai shi a shirye: yarjejeniyar Ethical Care Charter da UNISON ta fitar a 2012, wadda ta ƙunshi biyan lokacin tafiya, daina cusa kulawa cikin minti 15, rage kwantiragin da ba ya lamunce ko awa ɗaya, kuɗin rashin lafiya, da albashin da zai riƙe mutum. Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Ana zartar da kasafin majalisa wajen Fabrairu zuwa farkon Maris, don haka wanda ya zo a Afrilu ya makara da shekara guda. A fara tun Oktoba. Sa hannun majalisa ba ya ƙara ko fam ɗaya sai an shigar da sharuɗɗan cikin kwangilar da take bai wa kamfanoni, saboda haka ku tambayi ranar sabunta kwangilar. Iyalan majinyata suna da murya mai nauyi a wurin kansiloli, amma ba daidai ba ne a roƙi majinyaci ya sa hannu a kan komai lokacin ziyara.

Bashin baya yana da hanyoyi biyu. Hukumar haraji ta HMRC na karɓar ƙorafi ba tare da fallasa mai shi ba, tana iya bin kuɗin shekara 6, ta kuma ci kamfani tarar da ta kai ninki biyu na bashin. Kotun ma'aikata kuwa sai an fara bi ta Acas, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, kuma a yi aiki da wa'adin wata uku ban da kwana ɗaya daga ranar da aka yi ƙwangen biya. In kora ce saboda ƙungiya, kwana 7 kacal ake da su don neman kotu ta sa a ci gaba da biyan albashi kafin shari'a.

Yajin aiki na ƙarshe ne, kuma ƙungiya ce kaɗai ke kiran sa bayan ƙuri'a. Abin da ya fi kashe irin wannan ƙuri'a shi ne tsohon adireshi da lambar wayar da aka daina amfani da ita, don haka a sabunta bayanan kowane mamba tun da wuri. A kuma tsara da kamfani waɗanda za su ci gaba da bayar da magani da abinci ga majinyatan da rayuwarsu ta dogara da hakan.

A matakin ƙasa, dokar haƙƙin ma'aikata ta 2025 ta tanadi zauren da ƙungiyoyi da masu kamfanoni za su tsayar da albashi da sharuɗɗan aiki na fannin baki ɗaya, sannan kwamitin Baroness Louise Casey mai nazarin gyaran fannin kula da manya, da aka sanar a Janairun 2025, zai kammala rahotonsa nan da 2028. Wakilan ƙungiya za su buƙaci hujja a wuraren biyu, don haka ku tattara lissafin littattafanku, ku goge duk abin da zai nuna majinyaci, ku miƙa wa sakataren reshenku.