Kafin ka sabunta manhajar sauti a kwamfutarka

Duk wanda ya haɗa lasifika da kwamfuta a Kaduna, ko mai ƙaramin situdiyo ne a Tudun Wada, ko mai ɗaukar karatun malam a masallacin unguwa, ya san saƙon nan da ke yawan leƙowa cewa sabuwar manhaja ta fito. Yawancin ɓarna daga dannawar gaggawa take farawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sabuntawa babu dalili. In sauti na fita tas, makirfo na kamawa, me kake nema? Fara karanta abin da kamfanin ya ce ya gyara. In matsalarka ba ta ciki, ƙyale. Manyan kamfanoni ma suna yin tuntuɓe: a watan Mayun 2024 kamfanin Sonos na Amurka, mai ƙera lasifikoki, ya sauya fasalin manhajarsa, mutane suka nemi abubuwan da suka saba da su suka rasa, ƙorafi ya yi ta tashi har shugaban kamfanin ya sauka a Janairun 2025. Dakata mako biyu ko uku, ka ji yadda ta kaya da waɗanda suka riga ka.

Sai rashin zaɓen lokaci. Wani zai sabunta ana gobe biki, ko ana jajibirin fara tafsiri. Haba malam! Abin da ya fi haɗari shi ne sabunta manhajar da ke cikin na'urar sautin kanta, irin su Focusrite. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, na'urar na iya ƙin tashi. Cika batirin laftof tukuna, in kuma ya mutu, ka jona da inbata.

Mutane da yawa kuma ba sa barin hanyar komawa. Ajiye tsohon fayil ɗin girkawa a filas, ka buɗe System Restore ka adana matsayin kwamfutar kafin ka taɓa komai. In direban sauti ne, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sauti, ya kawo cikas, shiga Device Manager ka danna Roll Back Driver. Ka kula da ayyukan da ba ka gama ba: a manhajar gyaran sauti ta Audacity, tun fitowar Audacity 3.0 a 2021, fayilolin aiki sun koma nau'in aup3, tsohuwar manhajar ba ta buɗe su. Masu Mac sun ga irin haka a 2019, da sabon tsarin Mac mai suna Catalina ya daina karɓar tsofaffin manhajoji na 32-bit.

Direba kuwa, daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar ake ɗaukowa, ba daga filas ɗin abokin mai gyara ba. Manhajar sata ma da an sabunta ta takan rufe. Wanda ya sayi manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da kuɗinsa kyauta yake sabuntawa har abada.

Akwai kuma masu tsoro, waɗanda suka kashe sabuntawa baki ɗaya. Ga kwamfutar da ba ta hawa intanet, ba laifi. Amma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka kada ka riƙa shiga asusun banki da irin wannan kwamfutar.

In ka sabunta sauti ya ɗauke, kada ka yi saurin ɗaukar kwamfuta zuwa wurin masu gyara a titin Ahmadu Bello. Danna alamar lasifika a ƙasan allo: sau da yawa Windows ne ya karkatar da sautin zuwa talabijin ta wayar HDMI. Mayar da shi kan lasifikarka, ka gwada.