Darasi na Tara: Kyamara Mai Siffar Dā, Amfaninta da Rauninta

Duk wanda ya girma a Jos kafin zuwan wayar hannu zai tuna masu ɗaukar hoto da ke yawo da kyamarar fim a wuya ranar salla ko ranar suna, da yadda ake jira har a wanko hoto kafin a ga yadda ya fito. A 'yan shekarun nan kamfanoni irin su Fujifilm da Nikon sun koma ƙera kyamarori masu wannan tsohuwar siffa, alhali kayan cikinsu na zamani ne. A wannan darasi za mu ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, wato Nikon Zf, wadda aka fitar a shekarar 2023 bisa siffar Nikon FM2 ta 1982, domin ɗalibin da ke son shiga sana'ar hoto ya san abin da zai duba kafin ya fitar da kuɗinsa.

Da farko, ana kiranta kyamara marar madubi. A tsohuwar ƙira akwai madubi a cikin kyamara wanda ke juyar da haske zuwa idon mai ɗauka, sannan ya ɗaga sama a lokacin da aka danna. A sabuwar ƙira an cire shi, haske yana wucewa ta gilashin gaba kai tsaye zuwa sensa, wato farantin da ke karɓar hoto, kuma abin da mutum ke gani idan ya leƙa ƙaramin allo ne. Amfanin wannan shi ne za ka ga hasken hoto ko duhunsa tun kafin ka danna, ba sai bayan an gama ba.

Babban abin da ya sa muka zaɓi wannan kyamara don darasi shi ne maɓallan murɗawa da ke samanta, waɗanda aka yi da tagulla, aka kuma rubuta lambobi a jikinsu. Hoto yana fitowa ne daga abubuwa uku: tsawon lokacin da ƙyauren kyamara ke buɗe, faɗin kafar da haske ke shiga, da kuma ƙarfin karɓar haske na sensa, wanda ake kira ISO. A yawancin kyamarorin yau ana canja waɗannan ne da maɓallan da babu lambobi a jikinsu, sai an duba allo a ga abin da aka zaɓa, abin da ke wahalar da wanda bai daɗe da fara karatu ba. A nan kuwa lamba ce kawai a gaban idonka. Idan ka murɗa maɓallin ƙyaure zuwa 1000, ƙyauren zai buɗe na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma da haka za ka iya tsayar da dokin da ke sukuwa ko ruwan da ke zubowa daga dutse a Assop, Jihar Filato. Idan ka sauko zuwa 30, haske zai shiga da yawa, amma duk abin da ya motsa zai fito a dagule. Wanda ya yi mako biyu yana murɗa wannan maɓalli da hannunsa zai fahimci abin da dogon bayani bai koya masa ba.

Sensar tana da girman milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai da girman hoto ɗaya a jikin fim na dā, kuma tana ɗaukar kimanin megafiksel 24, wato ƙananan ɗigogi miliyan 24 da ke haɗuwa su zama hoto. Wannan girma yana taimakawa a wurin da haske ya yi ƙaranci, kamar cikin ɗakin amarya ranar kamu, ko wurin walima bayan magariba idan an ɗauke wuta. Tana da na'urar da ke rage rawar hannu, tana gane fuska da idon mutum ta bi su, akwai kuma ɗan maɓalli na musamman da ke mayar da hoto baƙi da fari nan take.

Sai dai kyawun siffa yana da nasa kuɗin, kuma a nan ya kamata mai sana'a ya natsu. Farashinta lokacin da ta fito ya kai dala 2,000, ba tare da gilashin gaba ba, kuma gilashi mai kyau kan iya cin rabin wannan kuɗi ko fiye. Ga mu da muke saye da naira, duk sanda canji ya tashi, farashin ma tashi yake yi. Nauyinta gram 710 ne da batir, amma saboda an kwaikwayi tsohuwar siffa, mariƙinta ƙarami ne ƙwarai. Mai ɗaukar hoton biki da zai fara daga ɗaurin aure da safe har zuwa kai amarya da dare zai ji gajiya a yatsunsa, musamman idan ya ɗora dogon gilashi, don haka da yawa sukan sayi ƙarin mariƙi. Haka kuma yawancin gilasan Nikon Z ba su da zoben kafar haske mai lambobi, sai an koma ga ƙaramin maɓallin gaba, ke nan cikin abubuwa ukun nan biyu ne kawai aka fito da su fili. Gurbin katin ajiya biyu ne, amma na biyun na ƙaramin kati ne irin na waya, kuma dukansu suna ƙasa tare da batir, inda ciro su ke da wuya idan an ɗora kyamarar a kan ƙafa uku.

Batir ma abin lura ne. Tun da allo a kunne yake koyaushe, kyamara marar madubi tana shan wuta fiye da mai madubi, kuma a ma'aunin kamfani caji ɗaya yana ɗaukar hotuna kusan 380. Sanyin Jos a watannin Disamba da Janairu yana ƙara rage ƙarfin batir. Wajibi ne a riƙe na biyu a aljihu inda zafin jiki zai ɗumama shi, ko da yake ana iya cajin kyamarar da abin ajiyar caji na waya.

Rauni mafi muhimmanci a wurinmu shi ne ƙurar hunturu. Da yake babu madubi a tsakani, sensar tana nan kusa da baki, nisan milimita 16 kacal, saboda haka da zarar an cire gilashi a fili, ƙura za ta sauka a kanta, sai ɗigo-ɗigon baƙi ya riƙa fitowa a kowane hoto, musamman a sararin sama. A kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, a ba iska baya, sannan a canja gilashi cikin hanzari. Kada a hura da baki, kada kuma a goge da gefen riga ko mayafi. Akwai 'yar robar hura iska da aka yi don wannan aiki. Da damina kuma, a ajiye ta a akwati mai rufuwa tare da ƙunshin da ke tsotse danshi, domin laima tana sa fumfuna ta tsiro cikin gilashi.

Aikin gwaji: idan malamin ajinku ya samo aron kyamara mai irin waɗannan maɓallai, ku fita bakin titi da yamma, kowa ya ɗauki Keke Napep da ke wucewa sau uku, a kan 30, da 250, da 1000. Ku rubuta lambar kowane hoto a littafinku, ku kawo aji mako mai zuwa a kwatanta.