Daga Katsina zuwa Shuhada: kurakuran da muka fi yi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Alƙahira

A tashar mota ta Katsina ba a ɓata. Tun kafin ka gama biyan mai babur 'yan kamasho sun tare ka, wannan yana kiran Kano, wancan Daura, wani Jibiya, an karɓi jakarka an jefa a but. Mota ba ta tashi sai ta cika, in ma fitsari ya kama ka, ka ce wa direba ya dakata, ya yi 'yar mita ya dakata. Da wannan sabon muke tashi mu tafi Masar, wasu jinya, wasu karatu a Azhar, wasu sarin kaya, sai a wayi gari mutum ya tsinci kansa cikin rami a tsakiyar Alƙahira, ba ɗan kamasho, ba mai kiran gari, jama'a na kwarara ta kowace kusurwa kamar an tashi daga Idi.

Na raka kawuna ganin likitan gwiwa, daga baya na sake komawa, kuma kusan duk kuskuren da zan ambata ko dai ni na yi shi ko a gabana aka yi. Misirawa suna ce wa jirgin "metro". An buɗe shi a 1987, shi ne na farko irinsa a Afirka, kuma yanzu layi uku ne ke aiki. Wuraren da ake rikicewa su ne tashoshin da layi biyu suka haɗu: Shuhada da Sadat, inda layi na 1 ya gamu da na 2, da Ataba inda na 2 ya gamu da na 3, da Nasir inda na 1 ya gamu da na 3, da Jami'ar Alƙahira inda na 2 ya sake gamuwa da na 3. Wadda ta fi hayaniya ita ce Shuhada, domin tana ƙarƙashin dandalin Ramsis, dab da babbar tashar jiragen ƙasa masu zuwa Iskandariya da kudancin ƙasar. Da Mubarak ake kiranta, aka sauya sunan a 2011. In ka ce Ramsis ma kowa ya gane.

Babban kuskure, wanda shi ne uwar sauran, shi ne neman sunan inda za ka a jikin allunan da ke rataye. Manyan allunan da ke nuna hanya sunan tashar ƙarshe ta layin suke ɗauke da shi. Layi na 1 yana tsakanin Hilwan da Sabuwar Marj. Layi na 2 yana tsakanin Shubra Alkhaima da Munib. Layi na 3 ta gabas yana ƙarewa a Adli Mansur. Ka ɗauka kana hanyar Kano za ka sauka a Charanchi: motar Kano za ka nema, ba mai rubuta Charanchi a goshin mota. To haka abin yake. Mai zuwa Sayyida Zainab daga Shuhada, Hilwan zai bi. Mai zuwa Dukki ko Jami'ar Alƙahira, Munib zai bi. Ɗalibin da zai koma Abbasiyya sai ya hau na Munib, ya sauka a tasha ta gaba, wato Ataba, ya sauya zuwa layi na 3 ɓangaren Adli Mansur. Gyaran kuskuren nan a masauki ake yin sa. Kafin ka fito ka rubuta abu uku a takarda: lambar layi, sunan ƙarshensa, da tashar da za ka sauka. In akwai sauyin layi ka ƙara wasu ukun a ƙasa. Kalmar da za ka riƙe ita ce "ittijah", wato inda jirgi ya dosa, amma su "ittigah" za ka ji suna cewa, don jimun ɗinsu ga ce. Shi ya sa Jiza take Giza a bakinsu, Marj kuma Marg.

A nan wanda ya yi makarantar allo yana da riba, shi ma bai sani ba. Allunan da Larabci da Turanci suke, kuma sau da yawa na Larabcin ya fi saurin shiga ido, domin rubutun boko na sunayen yakan zo a karkace, ka ga Shuhada an rubuta ta yadda sai ka yi da gaske ka gane ta. Kawu, wanda bai yi boko ba, ya riga ni karanta allo fiye da sau ɗaya, yana yi yana min dariya.

Layi na 3 yana da nasa tarkon ta yamma: bayan tashar Kit Kat ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Mihwar Rod Alfarag, guda ya nufi Jami'ar Alƙahira. In tashar da za ka sauka tana gaba da Kit Kat, duba goshin jirgin kafin ka shiga.

Sai tarkon suna, wanda ya fi cin sababbin ɗalibai. Masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Azhar sunansa Madinatul Bu'us, yana wajen Abbasiyya. A layi na 2 kuma akwai tasha mai suna Buhus, can tsallaken kogin Nilu bayan Dukki. Harafi ɗaya ne tsakani, ainun da ha, kuma a bakin Bahaushe kusan ɗaya suke fita. Ka tambayi Bamisire "Bu'us" da harshenmu, ya ji Buhus, ya nuna maka hanya da zuciya ɗaya, ka ƙetare kogi kana murna. Ka ce Abbasiyya kawai ka huta. Haka mai son ganin dalar Fir'auna: a layi na 3 akwai tasha mai suna Ahram, ma'anarta kuwa dalolin, amma tana unguwar Misra Aljadida ne a gabas, dalolin kuma suna yamma. Layi na 2 za ka bi zuwa Giza, can ma sai ka ƙara da mota, don jirgin bai kai gindinsu ba. Bai shiga filin jirgin sama ba shi ma, kada wani ya ce maka daga saukarka za ka faɗa metro da akwatuna.

Tikiti. Ana sayen sa a taga, kuɗinsa ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, don haka ka faɗi sunan inda za ka sauka, ka riƙe canji a hannu. Mutanenmu kan yi kuskure biyu da shi. Na farko, da an wuce ƙofar ƙarfe sai a yar da shi ko a cusa a aljihun da ba za a tuna ba, alhali sai da shi za a fita a ɗaya ƙarshen, wanda ba shi da shi kuma tara ce. Na biyu ya fi ciwo: wajen sauya layi sai mutum ya bi allon "khuruj", wato mafita, ya fice ta ƙofar ƙarfe, na'ura ta haɗiye tikitin, sannan ya gane ashe bai iso ba. Sauya layi a cikin tasha ake yi, da tikitin nan guda. Muddin ka ga ƙofar ƙarfe a gabanka kana neman wani layi, ka juya, hanyar waje ka kamo.

Wani abin da ya kamata a sani game da Shuhada da Sadat: duka biyun mahaɗar layi na 1 da na 2 ne, kuma tasha uku ce tsakaninsu ko ta wane layi ka bi. Ta na 1 Urabi, Nasir, Sadat. Ta na 2 Ataba, Muhammad Najib, Sadat. Saboda haka in ka shagala ka wuce ɗaya, ba sai ka koma baya ba, sau da yawa ɗayar na gabanka. Kuma in ka ga jirgin layi na 1 ya fito fili rana ta haske ku, kada gabanka ya faɗi, mafi yawan layin a sarari yake, tsakiyar birni ce kawai a ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni kunya. Mu a gida babba ke fara shiga, a yi "bisimilla", a yi "a'a, ku fara", a tsaya gaisawa a bakin ƙofa. Jirgin nan bai san girma ba. Yana tsayawa na ɗan lokaci, ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofa ta rufe da kanta. Ran nan a Shuhada na ja baya na ce, "Kawu, bisimilla." Ya sa ƙafa a hankali saboda gwiwa, wasu samari suka kutsa tsakaninmu, ƙofa ta rufe. Ina waje, yana ciki, fasfo ɗinsa da wayarsa da takardun asibiti duk suna cikin jakata. Abin da ya cece mu shi ne dattijon ya sauka a Urabi ya zauna a benci bai motsa ba. Na hau na baya na same shi yana jan carbi. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ladabin naka ka bar shi sai mun koma Ƙofar Sauri." Tun daga ranar muka yi ƙa'ida, kuma ita nake ba kowa: in an rabu, na ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya daidai inda ya sauka, na waje ya biyo jirgi na gaba. Kowa ya riƙe katin masauki da 'yan kuɗi a aljihunsa, har yara. Dattijo kuwa a riƙe hannunsa a shiga tare, in jirgin ya cika a bar shi ya wuce, wani na tafe cikin 'yan mintuna.

Sauka ma haka take. Wanda ya zauna sai jirgi ya tsaya sannan ya fara tattara leda, to sai tasha ta gaba. Tun saura tasha ɗaya ake matsawa bakin ƙofa. Za ka ji na bayanka ya ce "nazil?", yana tambaya ne ko sauka za ka yi. In ba sauka za ka yi ba, ka kauce masa. Ba faɗa yake nema ba.

Taragun tsakiya na mata ne, kuma akwai alama a dandamali daidai inda suke tsayawa. Namiji ya shiga, tara ce, ga kuma ruwan faɗa da zai sha kafin a kai ga tarar. Mace tana da damar shiga kowane tarago. Inda magidanta ke kuskure shi ne a raba hanya ba a yi magana ba: Hajiya ta shiga na mata, Alhaji ya shiga can gaba, ita ba ta san sunan tashar ba, shi ke riƙe da tikiti biyun. In za a rabu, a ba ta nata tikitin, a gaya mata sunan tasha da adadin tsayawar da za ta ƙirga. In ba cunkoso, ku shiga tare kawai.

Tufafinmu ma suna son lura. Matakalar nan mai tafiya da kanta tana da haƙora a gefe da ƙarshe, babbar riga da dogon hijabi da gefen zane kuwa suna jan ƙasa. A tattare su a hannu kafin a taka. Wanda bai taɓa hawa ba, ya bi matakalar ƙafa, ba abin kunya ba ne, ya fi a tsaya cak a bakinta ana shawara jama'a na turowa ta baya. Haka in za ka duba taswira ko waya, ka raɓe jikin bango. A mashiga kuma akwai na'urar binciken kaya, kowace jaka sai ta bi ta ciki, don haka 'yan sari da suka yi lodi a kasuwar Ataba su yi wa kansu adalci su ɗauki tasi. Waya da kuɗi su koma aljihun gaba, aljihun gefe na kaftani a cunkoso sadaka ce. Ɗaukar hoto a cikin tasha, ina ba da shawarar a haƙura.

Ranakun aiki a can Lahadi ne zuwa Alhamis. Mu da muka saba Lahadi gari shiru, sai mu sa ganin likita da safiyar Lahadi muna zaton za mu samu sarari, mu tarar da Shuhada ba masaka tsinke. In da hali, mai jinya ya fita da hantsi bayan ma'aikata da 'yan makaranta sun wuce, ya dawo kafin a tashi aiki. Safiyar Juma'a ita ce lokacin koyo: ka je ka hau, ka sauya layi, ka ɓata, ka gane, ba mai ture ka.

Saura mafita. Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, kuma ƙofofinta sun watsu a kewayen dandalin. Ka fita ta wadda ba ita ba, sai ka ga inda za ka yana can tsallake, tsakaninku da shi motocin Alƙahira da ba su san birki ba. Kafin ka hau matakala ka karanta sunan titi ko ginin da aka rubuta a kan kowace ƙofa, in ba ka gane ba ka ce wa wani "lau samaht", wato don Allah, ka faɗi inda za ka. In ka riga ka fito ba daidai ba, ka koma ƙasa ka bi ta rami. Kuma in za ka yi alƙawari da wani, kada ka ce "mu haɗu a Sadat". Ni da wani ɗalibi ɗan Daura mun yi kusan awa guda kowa na tsaye a tasa ƙofar yana rantsuwa a waya cewa ya iso.