Kurakuran da tafinta ke yi da salon maganar mutane a Tawa

Tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki, buƙatar tafinta ba ta ragu ba. A asibitocin Tawa da ɗakin shari'a, har yanzu akwai mai Hausa ko Buzanci a nan, mai Faransanci a can, da wani a tsakiya. Inda na tsakiyan ya fi tuntuɓe shi ne wurin maganar da ke da ciki.

Mafi haɗari shi ne bin kalma ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta ce wa likita baƙo: "Ɗana, da na ga jinin, cikina ya ɗuri ruwa." Tafinta ya juya haka yadda yake, likita ya shiga latsa ciki yana neman kumburi, alhali tsoro take nufi. Faɗi tsoron kawai. Haka "da sauƙi": mutumin Adar, yankin da Tawa take, zai faɗe ta ko da ba ya iya tashi, don ladabi ne da godiyar Allah. In ka ce wa likita ya warke, ka cuce shi. Sake tambaya: "Baba, ina ne ke ciwo yanzu?"

Wasu kuma sun ji wannan gargaɗin har sun wuce gona da iri, suna share kowane karin magana. Wannan na fi jin zafinsa. A zaman sulhun manoma da makiyaya, in dattijo ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, da gangan ya kauce wa kama sunan mai laifi. Ka fassara da "ku duka kun yi laifi", ka yanke hukuncin da shi ya ƙi yankewa. Harshe da haƙori kowa na da su, don haka kai hoton yadda yake, ka ƙara ƴar jimla: yana nufin ko makusanta na samun saɓani.

Sai wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bagobiri ya ce wa Bazabarme "bawana", kowa ya yi dariya. Baƙon da ya san Nijar ta mai da bauta laifi a dokar 2003 zai ɗauka da gaske in ka miƙa masa kalmar tsirara. Gaya masa nan take cewa wasa ne na gado tsakaninsu, kuma ka bayyana cewa wannan ƙarin naka ne, ba na mai magana ba.

Kuɗi ma a kula. Dala ashirin a bakin ƴar kasuwa faran 100 ne, don dala ɗaya faran 5 ce. Kafin ka juya adadi, maimaita shi ga mai shi, ya ce eh.