Kurakurai wajen karanta gwajin jinin mai ciwon daji idan mura ko korona ta kama shi

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne a kalli jimlar fararen ƙwayoyin jini kawai a ce da sauƙi. Jimlar lafiyayyen baligi tana tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace mikrolita, amma fararen ƙwayoyin nan iri-iri ne, kuma nutrofil ne ke gaba wajen yaƙar bakteriya. Su ake fara nema a takardar. Idan na'ura ba ta fitar da adadinsu ba, a lissafa: jimla 2,000 da nutrofil kashi 20 cikin ɗari na nufin 400 ke nan. Wanda nutrofil ɗinsa ya gaza 500, zafin jikinsa kuma ya kai digiri 38.3 sau ɗaya, ko ya tsaya a 38 na awa guda, yana bukatar a ɗebi jininsa don binciken bakteriya, a fara masa maganin kashe su ta jijiya cikin awa ɗaya.

Nan ne kuskure na biyu ke shigowa. Gwajin hanci ya nuna mura ko korona, sai a ce an gano dalilin zazzaɓin, a janye maganin bakteriya. Bairos da bakteriya suna haɗuwa a jiki ɗaya, hasali ma bairos ne ke raunata fatar hanyar numfashi ya buɗe wa bakteriya ƙofa. Mai ƙarancin nutrofil kuwa ba lallai ya yi majina mai ruwan ɗorawa ba, hoton ƙirjinsa ma yana iya fitowa kamar lafiya lau a farko, domin babu ƙwayoyin da za su haɗa mugunya. Haka nan kada a ce lokacin maganin bairos ya wuce. Oseltamivir, maganin bairos ɗin mura, ya fi aiki cikin awa 48 na farko, amma ana bai wa mai raunin garkuwa ko bayan haka. Paxlovid, maganin korona, ana fara shi cikin kwana 5, bayan an duba sauran magungunansa, saboda ritonavir da ke ciki yana hana hanta sarrafa wasu magungunan daji har su taru a jini.

Ana kuma yawan karanta sakamako ba a tambayi ranar kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) na ƙarshe ba. Yawancin magungunan kemo suna kai ƙwayoyin jini ƙasa tsakanin kwana 7 da 14, ɓargo ya farfaɗo wajen mako na uku zuwa na huɗu. Nutrofil 900 a kwana na 6 yana kan gangarowa ne, gobe ko jibi zai iya faɗawa ƙasa da 500. 900 a kwana na 18 mai yiwuwa hawa yake yi. A ajiye tsohon sakamako kusa da sabo. Wannan yana da amfani ta wata fuskar: mutane da yawa 'yan asalin Afirka da Gabas ta Tsakiya nutrofil ɗinsu a ƙasa yake tun haihuwa ba tare da wata cuta ba.

Raguwar limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ƙasa da 1,000 abu ne da aka saba gani a mura da korona, kuma idan ta yi tsanani a korona tana tafiya da tsananin ciwo. Sai dai kemo, gashin haske da sitiroyid duk suna rage su. Deksametason, ɗaya daga cikin magungunan sitiroyid, yana rage limfosait, ya ɗaga nutrofil, ya kuma danne zazzaɓi, don haka mai shan sa zai iya kwanciya da mummunar cuta jikinsa ba zafi. Allurar filgirastim, wadda ake yi don zaburar da ɓargo, ma tana ɗaga nutrofil, kada a ɗauki wannan hawan a matsayin shaidar bakteriya.

Ƙwayoyin daskarar da jini, wato filatilet, daidai suke tsakanin 150,000 da 450,000, kuma bairos yana ɗan rage su. Idan sun faɗi warwas ga mutumin da ba ya haɓo, dasashinsa ba ya jini, fatarsa ba jajayen ɗigo, a duba jinin a madubin likita kafin a nemi ƙari: wani lokaci dunƙulewa suka yi a kwalbar gwaji, sai a sake ɗiba a kwalba mai sitiret, wani sinadarin hana jini daskarewa. Ana ƙara su don rigakafi idan sun gaza 10,000, wasu asibitoci 20,000 idan akwai zazzaɓi. Mai ƙarancinsu ya guji asfirin, ibufurofen da daikilofenak, kada a yi masa allurar tsoka, kada kuma a auna zafinsa ta dubura. Farasitamol ma a auna zafin jiki kafin a sha.

Jajayen ƙwayoyi suna rayuwa kimanin kwana 120, saboda haka murar kwana uku ba ta isa ta kayar da himogulobin, sinadarin da ke cikinsu mai ɗaukar iskar oksijin, da giram 2 ba. Ko dai rashin ruwa ne ya sa ya yi kamar yana sama sannan ƙarin ruwa ya bayyana ainihinsa, ko an ɗebi jinin a hannun da ake ƙarin ruwa, ko jini na zuba a ciki, ko ƙwayoyin na fashewa. A sake ɗiba a ɗaya hannun, a tambayi launin bahaya da na fitsari, a auna bilirubin, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan jajayen ƙwayoyi na fashewa.