Babi na 6: Buga zane a riga, sabilimeshan ko fleks?

Darasi na 1: Fara duba rigar

To 'yan uwa, kafin ku taɓa injin zafi da ake danna zane a riga da shi, ku buɗe wuyan rigar ko gefenta ku nemo ɗan ƙyallen nan mai rubutu. In an rubuta Polyester kuma rigar fara ce ko mai haske, irin jesin ƙwallo, sabilimeshan zai kama, wato zanen da ake bugawa a takarda a danna a riga, don zafi ne ke mai da tawadar tururi ta shige cikin zare, ko kun shafa ba za ku ji tudu ba kuma ba ta ɓarewa. In an rubuta Cotton, wato auduga, ko rigar baƙa ce, ku ɗauko fleks, robar nan da ake yankawa a liƙa. Firintar sabilimeshan ba ta da farar tawada, a baƙar riga zane ɓacewa yake, a auduga kuma wanki ɗaya ya koɗe. Wanda karatun ya ba shi wuya ya tambaya, ba kunya a ajin nan.

Darasi na 2: Juya rubutu

Nan ne kowa ke tuntuɓe. Kafin ku buga takarda ko ku yanka fleks, ku danna Mirror a kwamfuta, rubutun ya koma baibai kamar a madubi. Me ya sa? Kifa shi za ku yi a kan riga, sai ya miƙe. In kun iya karanta rubutun daidai a kan takarda to ba ku juya ba, ku koma. Sabilimeshan, ku juya. Fleks, ku juya, gefe mai sheƙi kuma yana ƙasa lokacin yanka. Ko lamba ɗaya ce ku juya. A hankali za ku saba.

Amma gaskiya na fara gajiya, sau nawa zan faɗa? Makon jiya wani ya buga wa ƙungiyar unguwarsu jesi, sunaye da lambobi duk a baibai, ga sabilimeshan ba ya goguwa, rigunan da ya sayo a Kantin Kwari sun tafi kenan. Don Allah ku juya rubutu!

Darasi na 3: Zafi

Sabilimeshan wajen digiri 200 na Celsius, kamar minti 1. Fleks wajen 150, daƙiƙa 15. Ku jira inji ya kai lambar, musamman in da janareta kuke aiki.

Darasi na 4: Wanki

A juya rigar ciki waje. Kar a ɗora dutsen guga a kan fleks.