Babi na 6: Zomo, Maiƙo da Takardar Gwajin Jini

Darasi na 1

A shekarar 1913 wani likita a Rasha, Nikolai Anichkov, ya riƙa ɗura wa zomaye kolestarol, wani maiƙo da ake samu a gwaiduwar ƙwai da kitse. Zomo ɗan ciyawa ne, jikinsa bai saba da shi ba. Maiƙon ya yi yawa a jininsu, ya manne a bangon jijiyoyin jini. Karnuka da ɓeraye kuwa bai kama su haka ba, don haka ba duk abin da ya sami dabba ke samun mutum ba. Amma an gane cewa abinci yana canza maiƙon jini.

Darasi na 2

Idan aka yi muku gwajin maiƙon jini a Babban Asibitin Daura, za ku ga LDL da HDL a takarda. A nan ake yawan tuntuɓe, ku natsu.

Ɗora yatsa kan harafin farko kawai. Na farko, daga hagu. Idan L ne, wannan maiƙon ne mai mannewa a jijiya, ana so ya yi ƙasa. Idan H ne, shi ke mayar da maiƙo zuwa hanta, ana so ya yi sama. H kamar tsani yake, hawa ake yi.

Rubuta L. Ce "ƙasa". Rubuta H. Ce "sama". Madalla, Hajiya, hannu yana faɗawa. A sake. L ƙasa, H sama.

Kada ku duba harafin ƙarshe! Dukansu da L suka ƙare, shi ke ruɗa ku. Baba, yatsa a hagu. Makon jiya mun yi wannan, amma wasu ko buɗe littafi ba su yi a gida ba. Haka ba ta yiwuwa. Rubuta kowanne sau 10 kafin gobe, sannan likita ya fassara muku lambobin.

Darasi na 3

Man shanu da kitse suna daskarewa, yawan cinsu yana ɗaga LDL. Manja ma a rage. Man gyaɗa ya fi sauƙi, amma a auna da cokali.

Darasi na 4

A yawaita wake, zogale da gero. A rage sukari a koko.